Fatauci da Doka: Yaushe Magana Ke Wuce Zauren Sarkin Zango?

'Yan uwa fatake da iyalanku, na Kumasi da Akara, na Kwatano da Lome, na Duwala da Njamena. Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ita ce: wace matsala ce ta kai a nemi lauya, wace ce kuma za a kashe a gida?

Na san yadda muke kallon lauya. Da yawanmu gani muke wanda ya je wurinsa ya ɗauko rigima, ko kuma kuɗi ne suka yi masa yawa. Kuma gaskiya ne, yawancin saɓaninmu ba ya bukatarsa. Bashin da ke tsakaninka da ɗan uwanka ɗan kasuwa, rikicin la'ada da dillali, yaron shago da lissafinsa bai cika ba, saɓanin mata da miji, duk waɗannan sarkin zango da liman da shugaban kasuwa sun fi kotu saurin warware su, kuma zumunci bai ɓaci ba. Amma akwai ƙofofi huɗu da in matsala ta shigo ta ɗayansu, to ta wuce zaure.

Ta farko, takardar da ke da wa'adi. Sammaci ba ya jiran ka dawo daga saro kaya. A babbar kotun Gana, wanda aka miƙa wa sammacin ƙara yana da kwana 8 ya sanar da kotu cewa zai kare kansa, in ya yi shiru ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci ta OHADA, ciki har da Nijar, Kamaru, Cadi, Benin, Togo da Kwaddibuwa, suna da wata gajeriyar hanya: mai bin ka bashi ya je wurin alƙali shi kaɗai ya karɓo umarnin biya. In jami'in kai sammaci ya kawo maka, kwana 10 ke gare ka ka yi jayayya. Da kwana 15 ne, gyaran 2023 ya rage shi. Wa'adin na wucewa sai a zo ƙirga kayan shagonka. Don haka, Alhaji, ranar da takarda mai hatimin kotu ta shigo hannunka, ranar za ka kai ta a karanta maka, ba sai bayan ka gama aika dattawa ban haƙuri ba. A yi sulhun, amma lauya na riƙe da kwanan wata.

Wa'adin nan yana cin mai bin bashi ma. A Gana, bashin yarjejeniya da ya shekara 6 ba a kai ƙara ba, kotu na iya ƙin saurarensa. Kawaici hali ne mai kyau, sai dai doka ba ta san shi ba.

Ta biyu, shago da fili. Nan ne muka fi zuba dukiya, nan ne kuma muka fi sa hannu a kan abin da ba mu karanta ba. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba, duk da kowa ya san shekara biyu ake nema. In ka biya, aƙalla a rubuta, ka karɓi rasit. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili har abada ba, iyakarsa hayar shekara 50. Wanda ya ce ya sayar maka "naka har jikoki" alhali ba ka da takardar ɗan ƙasa, ko dai bai sani ba, ko ya sani. A ƙasashen OHADA kuwa akwai wani haƙƙi da 'yan uwa da yawa ke asararsa: wanda ya shekara 2 yana sana'a a shagon haya yana da ikon a sabunta masa, in mai shago ya ƙi ba tare da hujja ba sai ya biya diyya. Amma in hayar mai ƙayyadadden lokaci ce, dole ka nemi sabuntawa a rubuce wata 3 kafin ta ƙare, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi.

A nan zan saka maganar yin rajistar shago da sunan ɗan gari. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son harkar ciniki jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. Da ita aka kafa hujja lokacin da aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka shiga da zaman kwana 90 ba biza, ba ta ba ka lasisin shago ba. Shi ya sa wasu ke fakewa da sunan aboki ko na suruki. A idon hukuma shagon na mai sunan ne. Ranar da ya rasu, 'ya'yansa takarda za su duba, ba amana ba. Kafin ka ɗauki kowace hanya, zauna da lauya ya faɗa maka wadda doka ta yarda da ita.

Ta uku, kamu. In 'yan sanda, jandarma ko kwastan suka tsare mutum ko suka riƙe kaya, kada a tsaya neman "wanda ya san wani". A Gana tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi, kuma yana da haƙƙin ganin lauya, da na tafinta kyauta a wurin shari'a. Hajiya, in maigida ne aka kama, abin da za ki fara aika masa shi ne: kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan bayanin da aka rubuta da harshen da ba ya ji.

Ta huɗu, gado. Malam zai raba kamar yadda Allah Ya ce, amma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. Gana na da dokar gado ta 1985 mai nata lissafin ga wanda bai bar wasiyya ba, kuma tsohuwar dokar auren Musulmi ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaurawa. Mutum mai iyali a Kano da wani a Kumasi, da dukiya nan da can, ya kamata ya haɗa malami da lauya tun yana da rai. Matan da aka bari da marayu su ke shan wahalar wannan sakaci.

To in za a je, a je da shiri. Nemi lauyan ƙasar da matsalar take, don na gida ba ya tsayawa a kotun wata ƙasa haka kawai. Ka tabbata sunansa na cikin rajistar lauyoyi, domin bakin kotu cike yake da masu kwat da ba lauyoyi ba. Ku yi ciniki tun farko, a rubuta. Ka ba shi kwafi, ka riƙe takardunka na asali. Ka faɗa masa gaskiya har da inda ba ta yi maka daɗi ba. Wanda ba shi da hali, Gana na da hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, a je a tambaya.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu: yadda muke tara kuɗin jana'iza da na biki, mu ware wani abu mu riƙe lauya guda wanda kowane ɗan ƙungiya zai iya kai wa takarda kafin ya sa hannu. Kuɗin karanta yarjejeniya bai kai na zaman kotu ɗaya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci a ƙasar mutane. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.