Gayya a Ajin Lissafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Yashe, inda hanyar da ta taso daga Funtuwa ta haɗu da ta Kano zuwa Katsina, ya ga yadda yara 'yan talla suke lissafa canji da ka kafin mota ta tashi, ba tare da sun yi ɓatan ko naira ɗaya ba. Amma washegari in aka rubuta wa yaron nan tambayar lissafi a kan allo cikin dogon Turanci, sai ya yi tsuru-tsuru. Ba ƙidaya ce ta gagare shi ba, gane abin da ake tambaya ne, ga shi kuma an hana shi ya juya ya tambayi na kusa da shi.

A Amurka, wani masani mai suna Elliot Aronson ya gwada wata dabara a makarantun birnin Ostin a 1971, wato ya kasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowane yaro yanki ɗaya na darasi, ta yadda ba mai iya kammalawa sai da taimakon 'yan'uwansa. To, wannan ai ba baƙon abu ba ne ga manomin Kusada ko na Kankiya, domin kuwa gayya ke nan. Kuma asirin gayya shi ne kowa da kunyarsa. Rago ba ya iya fakewa cikin taro, saboda tasa kunyar za ta tona shi tun rana ba ta take ba.

Alal misali, a ce manomi ya sami dami 70 na gero, ya fitar da zakka ɗaya bisa goma, ya raba sauran wa ɗakuna uku. Malami sai ya zaunar da yara huɗu-huɗu, ya raba musu matakan nan huɗu da George Polya ya shimfiɗa a littafinsa na 1945. Na farko ya faɗi tambayar da bakinsa, na biyu ya kawo dabara, na uku ya yi aikin, na huɗu kuma ya bi sawu ya tabbatar cewa 21 sau uku, a tara da 7, sun koma 70. Gobe sai su yi musaya.

Wasu malamai sukan ce aji zai cika da hayaniya, kuma mai ƙoƙari ne kaɗai zai yi aikin, sauran su kwafa. Maganar hayaniya gaskiya ce, musamman a ajin da ya yi cunkoso, sai dai gara surutun masu gardama a kan amsa da shirun waɗanda ba su fahimta ba. Kwafa kuwa maganinta na hannun malami: kada ya kira wanda ya ɗaga hannu, ya zaɓi wanda ya ga dama ya zo ya yi bayani, makin da ya ci kuma ya zama na ƙungiyarsa duka. Daga ranar mai ƙoƙari zai koma malamin abokansa, ko yana so ko ba ya so.

To, amma fa duk wannan aikin banza ne muddin ana tsawata wa yara don sun yi Hausa a tsakaninsu, tun da mutum ba ya gardama da harshen da yake tsoro. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yara sun koyi lissafi da Yarbanci ba tare da Turancinsu ya tauye ba. Ƙasar Katsina ma ba baƙuwar wannan ilmi ba ce, don ita ta haifi Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da hatimi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Nan ne aiki ya faɗo kan Sashen Hausa. Akwai tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, amma malamin ƙauye yakan rasa tambayoyin da aka gina da kalmomin da yara suka sani. Ɗalibin da yake neman batun kundin digirinsa yana iya shiga kasuwar Kankiya da littafi, ya tattaro yadda ake awo da tiya da mudu da kamu da gaba, ya mayar da su tambayoyi na aji huɗu zuwa shida.