Raddi ga Masu Cewa Mun Biya Ingila Bashin Bishara

Baba Rabaran, Na saurari jawabin da ka yi wa masu bishara bayan dawowarka daga Landan, na ji yadda ɗaki ya kaure da tafi da ka ce bashin da Turawan mishan suka ɗora mana mun biya har da riba, su suka kawo mana bishara, yau 'ya'yanmu ke mayar da Ingila ga Almasihu. Ni ma na so in tafa. Abin da ya riƙe mini hannu shi ne na taɓa yin wata 2 a kudancin Landan wajen 'yar yayata mai aikin jinya, na kuma zaga majami'un nan da ƙafata. Zan bi hujjojinka ɗaya bayan ɗaya, in na yi rashin kunya ka ja mini kunne.

Ka ce majami'un Landan sun cika. Sun cika, ba musu. Ƙidayar da Peter Brierley ya yi ta nuna masu zuwa sujada a birnin sun tashi daga wajen 620,000 a 2005 zuwa 720,000 a 2012. Sai dai ba a auna damina da indararon gida ɗaya. A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2011, kashi 59.3 cikin ɗari suka ce su Kirista ne. A ta 2021 sun koma kashi 46.2, karo na farko ke nan da suka kasa kai rabi. Masu cewa ba su da addini sun tashi daga kashi 25.2 zuwa 37.2. Kusan mutum miliyan 6 suka fita daga layin Kirista a daidai shekarun da rassanmu suka fi yaɗuwa, kuma cikin waɗanda suka rage har da mutanenmu da suka je ci-rani. Da ba su je ba, da ramin ya fi haka zurfi.

Ka ce cocin Redeemed kaɗai tana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, ka ambaci burinta na kafa majami'a a duk tafiyar minti 5, da ƙafa a ƙasashe irin namu, da mota a ƙasashen da suka ci gaba. A nan alluna ake ƙirgawa, Baba. Binciken Jami'ar Roehampton na 2013 ya sami majami'un baƙar fata kusan 240 a ƙaramar hukumar Southwark kaɗai. Na shiga ɗaya daga cikinsu a titin Old Kent Road, a saman wani garejin gyaran mota. Aka fara ƙarfe 10, ba a tashi ba sai bayan ƙarfe 1. Ganguna na tashi, waƙoƙi rabi Yarbanci rabi Turanci, mata sun kafa gwaggwaro, ƙamshin dafa-duka yana shigowa daga bayan labule tun ana wa'azi. Na ƙirga mutum kamar 70, Turawa 2. Ɗaya mijin wata 'yar Najeriya ne, ɗayan kuwa ya hawo ne ya roƙi a rage ƙarar lasifika. Da aka zo shaida, wata ta gode wa Allah takardun zamanta sun fito, wani ya ci jarrabawar aiki bayan faɗuwa sau biyu. Sai da na share hawaye, domin na san abin da baƙunta ke yi wa mutum, kuma ba don majami'un nan ba da da yawa cikin 'ya'yanmu sun lalace a can. Wannan kiwo ne mai kyau. Amma da na tambayi yadda aka kafa reshen, sai aka ce mini daga wani reshe aka yanko iyalai kaɗan aka ba su fasto. Bafulatanin da ya raba garkensa gida biyu ba ya cewa shanunsa sun haihu.

Ka kawo Matthew Ashimolowo, har ka yi alfahari cewa a Zariya aka haife shi, a gidan Musulmi. Haka ne, kuma cocin KICC da ya kafa a 1992 tana cikin manyan majami'un yammacin Turai. Ka dubi fuskokin da ke kan kujerun, Legas ce da Akara. Zuwan Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, taron dare na Redeemed a zauren ExCeL kuwa, a watan Afrilun 2015 ne, ana saura 'yan makonni zaɓe. Mu da muka ga 'yan siyasa suna durƙuso a coci ranar Lahadi da masallaci ranar Juma'a bai kamata wannan ya ruɗe mu ba.

Inda na fi jin ciwo shi ne da ka kwatanta fastocinmu da Likita Mila. Kai ka koya mana tarihin nan. Kafin Mila, wato Walter Miller, ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan can yana koyon harshe. A 1900 suka isa Kano da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya yi shekara sama da 20 yana magani yana koyarwa, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Wahalarsa da ta abokan aikinsa ce ta fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Majami'ar Wusasa ma da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa, wanda Bazazzagi zai shiga bai ji ya bar gida ba. Daga wannan ɗan tsirarun aka sami Dakta Dikko da Farfesa Ishaya Audu. Mila bai zo ya tara Turawan kamfani da na gwamnati yana yi musu sujada da Turanci ya kira abin aikin bishara ba. Mu kuwa abin da muke yi a Landan ke nan.

Za ka ce ai fastocinmu suna jin Turanci. Jin Turanci daban, sanin Bature daban. Bahaushen da Mila ya tarar ya san Allah, ya san ranar hisabi, ya san Annabi Isa, gardamar duk a kan ko shi wane ne. Baturen yau ba gardama yake yi ba. Ba ya ƙin Allah yadda muke zato, zancen ne bai dame shi ba, kamar a yi maka tallan bargo a watan Afrilu. Yana jin nauyin maganar addini da baƙo, awa ɗaya ta ishe shi zama, da zarar an ambaci baiko sau biyu ya dafe aljihu. Mu kuma muna tsaye a kansa muna karya asirin mayu da maƙiyan gidan uba, muna amsa tambayar da bai yi ba. Manzo Bulus da ya je Atina, daga bagaden mutanen garin da mawaƙansu ya ɗauko zance.

Akwai waɗanda suka gane. Cocin Holy Trinity Brompton ta Angilikan, da darasinta na Alpha, abinci take ajiyewa a tebur ta bar mutum ya yi tambaya ko da ta saɓo ce, ba mai tsawata masa. Da haka ta aika mutane suka farfaɗo da majami'ar St Peter's a Brighton a 2009, bayan an kusa rufe ta. Cikin 'yan Najeriya, wanda ya tara Turawa da gaske shi ne Sunday Adelaja a birnin Kiyev, duk da zarge-zargen kuɗi da suka bi shi daga baya. Karatu ya kai shi Tarayyar Sobiyet, ya iya Rashanci, da shi yake wa'azi, kuma da mashaya da 'yan ƙwaya na garin ya fara. Hanyar Mila ce ya bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san amsarka ta ƙarshe, cewa 'ya'yan da aka haifa a can su za su ƙetare katangar. Allah ya sa. Ɗan 'yar yayata, mai shekara 16, a kujerar baya yake zama da waya a hannu. Na tambaye shi me ya sa ba ya gayyato abokansa na makaranta, ya yi dariya ya ce, "Kaka, awa uku fa. Wannan cocin Mama ce."

In za ka koma bana, Baba, ka roƙi fastocin da suka karɓe ka su buɗe maka littafin baftisma na shekara 5 da suka wuce. Ka ware sunayen 'ya'yan membobi da na waɗanda suka zo da bangaskiyarsu daga gida, ka rubuto mana nawa suka rage.