Mu San Harshenmu: Rafi

Ran nan muka tambayi yaran ajinmu ma'anar rafi. Wani ya ce, “Malam, inda ake zuba shara.” 'Yan aji suka yi dariya, mu kuwa jikinmu ya yi sanyi.

To, iyaye, bari mu rarrabe. Babban ruwa mai gudu shi ne kogi, mu Katsinawa mu ce gulbi, kamar Gulbin Maraɗi. Ƙorama ƙaramar hanyar ruwa ce mai gudana. Rafi ma ƙarami ne, yakan cika da damina, ya janye da rani. Tafki da kududdufi kuwa a tsaye ruwansu yake.

Amma a bakinmu rafi ya wuce ruwa. In mutumin Ƙofar Sauri ya ce ya tafi rafi, ba wanka za shi ba, lambu ya nufa, wajen latas da kabejinsa. Sunan ya kama har unguwanni: ga Rafindaɗi, ga Rafukka. Rafukka ɗin nan jam'in rafi ne, wanda yau aka fi cewa rafuka.

Yaron nan bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ƙazantar da muke turawa kwata tana gangarawa rafin Ginzo, da ruwan nan kuma masu lambu ke ban ruwa. Abin da muka zubar da safe, shi zai komo mana cikin kwano.

Saboda haka mu wanke ganye sosai kafin a ci, mu kuma hana yara kai shara kwata. In muka gyara rafin, ma'anarsa za ta gyaru a bakin 'ya'yanmu.