Wasiƙa daga Ingila: ginshiƙin ya fi na'urar muhimmanci

 

Yaya ya tambaye ni ko GPS na wayarsa zai isa a auna iyakar gona. Ba zai isa ba, Yaya. Taurarin suna sama da nisan kusan kilomita 20,200, kuma saƙonsu yana jinkiri idan ya ratso iskar sama, shi ya sa waya takan kauce da mita uku zuwa biyar. Mita uku a iyakar gona ai shari'a ce a gaban alƙali.

Maganin shi ne tashar gyara. Ana dasa na'ura a wurin da aka san ainihin matsayinsa, ita ta lissafa kuskuren da ke cikin saƙon, ta tura gyaran ta rediyo ko intanet zuwa ga mai awo a fili. Idan bai wuce kilomita 10 zuwa 20 daga tashar ba, kuskuren yakan sauko zuwa santimita ɗaya ko biyu. Mun kafa irinta a saman rufin sashenmu. Na'urar ba ta da tsada yanzu. Tun da u-blox ta fitar da ZED-F9P a 2018 daloli ɗari kaɗan sun isa, manhajar RTKLIB kuma kyauta ce.

Ra'ayina dai, mutanenmu suna damuwa da sayen na'ura, alhali wahalar tana ga ginshiƙin. Dole a zuba shi da kankare, nesa da bishiya da rufin kwano, domin kwano yana dawo da saƙo ya ruɗa eriya. Sannan a bar ta ta ɗauki bayanai na awa 24 kafin a tsayar da matsayinta. Idan matsayin ya kauce da mita ɗaya, duk filin da aka auna daga gare ta ya kauce da mita ɗaya, ba kuma wanda zai gani sai ranar da maƙwabci ya kawo nasa mai awon. Ga tsofaffin taswirorinmu da aka yi bisa ma'aunin Minna, su ma sun bambanta da na GPS da gomomin mita.

Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi a 2008, har da ɗaya a jami'ar Zariya. Duk jihar da za ta ƙara nata, ta fara ware kuɗin sola, batir da mai gadi, ta kuma bar masu awo su karɓi gyaran kyauta.

A gaida Inna da yara. Wassalam.