Raddi Ga Masu Cewa Turanci Ya Ishi Baƙo A Finlan

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin baƙi mazauna ƙasar Finlan, har da wasu 'yan'uwanmu masu riƙe da alƙalami, wai koyon Finlanci ɓata lokaci ne. Hujjarsu ita ce masu harshen ba su wuce mutum wajen miliyan 5 ba, da ka tsallake iyaka babu mai amsa maka da shi, kuma ga shi kusan kowa a Helsinki yana jin Turanci. Har akan ji mai cewa kamata ya yi masu ƙasar su hutar da kowa, su mai da Turanci harshen ofis da wurin aiki. To mu da muke zaune a nan, muke fama da wannan harshe safe da yamma, mun ga bai dace mu yi shiru ba, domin maganar tana cutar da masu yin ta, tana kuma cutar da 'ya'yansu.

Da farko dai ba mu musa cewa Finlanci na da wuya ba. Bai haɗa dangi da Turanci ko Jamusanci ko Rashanci ba, don haka bokon da mutum ya taho da shi ba ya tsinana masa komai. Suna ɗaya kan juye zuwa siga 15. Gida shi ne talo, cikin gida talossa, daga gida talosta, zuwa cikin gida taloon. Kafin mutum ya gama haddace wannan sai a ce masa ruwa vesi ne, amma in zai roƙa ya sha sai ya ce vettä. Tuli wuta ce, tuuli iska, tulli kuwa kwastan. Wanda ya gajarta wasali a tapaan, wato zan sadu da wane, ya koma tapan, to ya ce zai kashe shi ke nan. Bayan duk wannan, ɗalibi ya fito aji da minä olen, sai ya tarar a titi mä oon ake cewa.

Su ma masu gida suna da nasu laifin, kuma ba za mu rufe musu ba. Baƙo zai kwana yana harhaɗa jimla, ya je kanti ya fara ta da kyar, mai kanti ya dube shi ya amsa da Turanci. A ganinsa taimako ya yi, alhali kuwa tsanin ya janye wa mai hawa.

Amma fa laifi tudu ne. Bahaushe ne zai yi kukan dogon wasali, shi da ya san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo tun yana goye? Finlanci yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi. Bai raba namiji da mace ba, hän ta wadatar da shi da ita. Wanda ya koyi Larabci a zaure ya koyi Turanci da bulala, ba Finlanci ne zai gagare shi ba, sai dai in zuciya ce ta ƙi.

Sannan mu tambayi masu wannan ra'ayi, ina Turancin ya kai su? Ya kai su kanti da tashar jirgi, daga nan ya tsaya. Likita ko ma'aikaciyar jinya ba su samun izinin aiki sai sun nuna sun iya harshen ƙasa. Takardar zama ɗan ƙasa tana bukatar shaidar iya Finlanci ko Suwidanci. Mun san masu digiri biyu da ke goge ofisoshi da rabon jarida cikin dare a tsakiyar hunturu, shekara da shekaru, abin da ya tsare su kuwa harshe ne. Mafi ciwo shi ne abin da ke faruwa a cikin gida. Yaro ya shiga makaranta, cikin ɗan lokaci bakinsa ya buɗe, uba kuwa ba ya iya karanta saƙon malami. A wayi gari ɗan shekara goma ne tafintan iyayensa, yana jin abin da bai kamata ya ji ba. Ina girman uba a nan?

Yanzu bari mu juyo kanku, 'yan'uwa marubuta, domin ku ne kuka fi ba mu mamaki. Wannan harshe da kuke rainawa, irinku ne suka tsayar da shi da ƙafarsa. Finlan ta daɗe a hannun Suwidin har 1809, sannan ta koma hannun Rasha har 1917. A tsawon zamanin nan Suwidanci ne harshen ofis da kotu da manyan makarantu, Finlanci kuwa na manoma da barori. Mikael Agricola ne ya fitar da littafin farko cikinsa wajen 1543. A 1831 aka kafa ƙungiyar adabin Finlanci. Elias Lönnrot, likita ne, ya bi ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi, ya fitar da Kalevala a 1835. Sai a 1863 Sarkin Rasha ya sa hannu a dokar da ta buɗe wa harshen ƙofar ofis. Da Aleksis Kivi ya fitar da ƙagaggen labarinsa na 'yan'uwa bakwai a 1870, wani farfesa, August Ahlqvist, ya yi masa kaca-kaca, ya ɗauke shi abin kunya. Kivi ya rasu a 1872 cikin talauci. Yau kowace ranar 10 ga Oktoba tuta ake ɗagawa dominsa. Mu da aka yi wa littattafanmu laƙabin adabin kasuwar Kano a shekarun 1990, ai bai kamata a ba mu labarin wannan ciwo ba.

To mutanen da suka sha wannan gwagwarmaya ne za mu ce su ajiye harshensu don mu huta? Da kakanninsu sun bi shawararku, da yanzu babu Finlancin da za a yi gardama a kansa. Kuma ba su tsaya ga tilasta wa baƙo ba, sun kafa masa tsani. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa yana karanta labarai cikin sassauƙan Finlanci. Ana sake rubuta littattafai da sauƙaƙan kalmomi domin masu koyo, ana aron su kyauta a laburare. A garuruwa da yawa makarantu na ware wa 'ya'yan baƙi darasin harshen iyayensu kowane mako. Ashe ba su ce mu yar da namu ba.

Nan ne tambayar ta dawo kanmu. In aka ba yaranmu wannan darasi, wane littafin Hausa za mu ɗora a teburin? Masu Hausa sun ninka masu Finlanci sau da yawa, amma littattafai nawa muka rubuta domin yaron da aka haifa a nesa, ko baƙon da ya zo Kano yana son koyon harshenmu? Marubucin da ya ce ƙaramin harshe bai cancanci wahala ba, ya ba wa mai raina Hausa sandar dukansa.

Saboda haka shawararmu ga na nan ita ce a koma aji, in mai kanti ya amsa da Turanci a ci gaba da yi masa Finlanci har ya gaji. Na gida kuwa a ɗauki alƙalami a rubuta wa masu koyo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa mu dace.