Duniyar Da Babu Ita, Shin Ta Cancanci Shafi a Wikipedia?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowar gardama ce da muka tafka da abokin ɗakina a wani daren da aka ɗauke wuta. Shi ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ne, kuma wallahi ban taɓa ganin mai son finafinan Star Wars kamarsa ba. Ina kwance ina fifita da littafi, sai ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace. Wai editocin Wikipedia ta Turanci na muhawara a kan shafin wata ƙaramar duniya ta cikin labarin, wasu na cewa a goge, wasu na cewa a bari. Ya ce, "Mutumina, don Allah buɗe asusu yanzu ka shiga ka ce a bari, mu ƙara yawa."

Na ce masa ba zan yi ba. Ya ce to ashe ni ma ina cikin masu raina labarin ƙirƙira. Na ce ko kusa. Tunda a daren nan barci ya raba mu ba mu ƙare ba, bari in kawo hujjata nan, ku ku yi mana alƙalanci.

Da farko, maganar a taru a yi yawa ba ta da amfani. Idan aka kawo shafi domin a goge a Wikipedia ta Turanci, akan bar muhawarar a buɗe kamar kwana bakwai, sannan wani wanda ba ya cikin rigimar ya zo ya duba hujjojin da aka kawo ya rufe. Ba ƙirga ƙuri'a ake yi ba kamar zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Mutum hamsin da suka ce "ina son ta" ba su kai mutum ɗaya da ya kawo littattafai biyu da suka yi bayanin abin ba. Kuma hukuncin ba a tsakanin gogewa da bari kawai yake ba. Ana iya kwashe abin da ke da amfani a haɗe shi da wani babban shafi, a bar sunan yana kai mai bincike can.

Ma'aunin da suke amfani da shi a taƙaice shi ne: shin majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, sun yi magana a kansa da zurfi? Ba a tambayar ko abin yana nan a zahiri. Ba a tambayar ko mutum miliyan nawa ke son sa. Bahaushe ya riga su faɗa, yabon kai jahilci. Littafin da kamfanin fim ya buga yana bayanin duniyoyin da shi ya ƙirƙira, yabon kai ne. Ana so a ji me wasu suka ce.

Masu cewa "ai ƙarya ce, babu wannan duniyar, me za ta yi a kundin ilimi?" su ma ban yarda da su ba. Ga misali. A 1859 masanin taurari na Faransa, Urbain Le Verrier, wanda lissafinsa ya kai ga gano duniyar Neptune a 1846, ya ce lallai akwai wata duniya tsakanin Mercury da rana, domin tafiyar Mercury ta ɗan kauce wa lissafi. Aka raɗa mata suna Vulcan. Masana suka yi shekaru suna haƙilon hango ta. Sai a 1915 Albert Einstein ya zo da ka'idarsa, ta warware kaucewar ba tare da wata sabuwar duniya ba. Vulcan ba ta taɓa wanzuwa ba, amma tana da shafinta, kuma ya dace, domin wanda ya karanta labarinta zai fahimci yadda kimiyya ke yin kuskure ta gyara kanta. Mu ma nan ai babu wanda ya taɓa haɗuwa da Gizo da Ƙoƙi a kasuwa, amma wa zai ce ba su cancanci a rubuta su ba, bayan tun daga Frank Edgar har zuwa Ibrahim Yaro Yahaya an tattara tatsuniyoyinsu, an yi nazari a kansu?

To yanzu mu dawo Star Wars ɗin. Ɗauki Tatooine, duniyar hamada mai rana biyu, inda Luke Skywalker ya tashi a fim ɗin farko na 1977. A ajiye labarin fim ɗin gefe, me ya rage? Da yawa. George Lucas ya ɗauki sassanta a ƙasar Tunisiya, kuma sunan ya samo asali ne daga garin Tataouine da ke kudancin ƙasar. Har gobe masu yawon buɗe ido na zuwa Matmata su ga gidan ƙarƙashin ƙasa da aka yi amfani da shi a matsayin gidan su Luke. A 2011 kuma da hukumar NASA ta sanar da gano Kepler-16b, duniya ta gaskiya da ke zagaya taurari biyu, da sunan Tatooine aka riƙa yi wa jama'a bayaninta. Ka ga duniyar ƙarya ta fito daga cikin fim ta shiga harkar kuɗin shigar wata ƙasa, ta shiga bakin masana taurari.

Haka Arrakis ta littafin Dune da Frank Herbert ya fitar a 1965. Hamada ce zalla, ruwa ya fi zinariya daraja, kuma a can kaɗai ake samun wani sinadari da kowace daula ke kashe-kashe a kansa. Masu nazari sun daɗe suna kwatanta sinadarin nan da man fetur, suna tattauna kalmomin Larabci da marubucin ya sa a bakin mutanen hamadar. Har wani fili a Titan, ɗaya daga cikin watannin Saturn, an sa masa suna Arrakis. Wannan duniyar ko maƙiyinta ya san ta ci shafi.

Amma duniyar da abokina ke ta da jijiyar wuya a kanta fa? Na karɓi wayar na karanta shafin daga sama har ƙasa. Wane ya sauka a can, ya yi faɗa da wane, jirginsa ya lalace, ya tashi ya tafi. Shi ke nan. Duk majiyoyin da aka jera daga shirin kansa ne da littattafan kamfanin. Gwajin da nake ba kowa shawara ya yi ke nan: ka goge duk jimlar da ke ba da labarin abin da ya faru a cikin fim, ka ga me ya saura. In an bar ka da yadda aka ƙirƙire ta, da abin da masu sharhi suka ce, da tasirinta a wajen labarin, to a ba ta shafi. In an bar ka da farar takarda, layi uku a cikin jerin duniyoyin Star Wars sun ishe ta.

Abokina ya kawo hujjar da ta fi kowacce ƙarfi, kuma dole in yi masa adalci. Ya ce Wikipedia ba takarda ba ce da za ta ƙare, shafi ɗaya wa ya tsare wa hanya? Gaskiya ne wuri ba ya ƙarewa, amma masu lura da wurin suna gajiya. 'Yan sa-kai ne, ba albashi ake ba su ba. Shafin da ba shi da majiya mai zaman kanta, kowa na iya zuwa ya cusa abin da ya ga dama, kuma babu inda za a duba a ƙaryata shi. An taɓa gwada ɗayar hanyar. Akwai lokacin da kusan kowane Pokémon yake da shafin kansa, har mutane suka mai da shi hujja: in wancan ɗan dodon ya samu, me zai hana nawa? A 2007 aka haɗe mafi yawansu cikin jeri, irin su Pikachu da duniya ta sani suka ci gaba da zama da nasu. Su kuwa masoya Star Wars tun 2005 suka kafa nasu kundin mai suna Wookieepedia, inda ko duniyar da aka ambata sau ɗaya tana da gurbi. Ba a hana kowa rubutu ba, kowace kasuwa da irin kayanta.

Sai dai kada ku ɗauka ina cewa ma'aunin nan ba shi da aibu. Yana da shi, kuma babba. Yana auna abin da aka rubuta ne, ba abin da ke da daraja ba. Donna Strickland, 'yar ƙasar Kanada, ta ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2018, mace ta uku da ta taɓa ci a fannin. Watanni kaɗan kafin nan an ƙi karɓar shafin da wani ya rubuta a kanta, wai babu isassun majiyoyi. A 2007 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya buɗe ɗan gajeren shafi a kan Mzoli's, wani wurin sayar da nama da gashi a unguwar Gugulethu ta Cape Town. Cikin minti 22 aka goge, sai da aka kai ruwa rana kafin ya tsaya. In mai gida ya sha haka a kan abin Afirka, ina ga ni da kai?

Nan ne abin ya taɓa ni. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya, da Hausa, shekara takwas kafin Star Wars. Mu nawa ne a harabar nan muka karanta shi? Jihar Alfawa ta shirin Kwana Casa'in da garin Dadin Kowa na tashar Arewa24 wurare ne na ƙirƙira da ake hirarsu a majalisu da ɗakunan kwanan ɗalibai kamar garuruwan gaske. A ɗora su a kan ma'aunin da aka ɗora Tatooine, tambayar ɗaya ce: ina sharhin da wani ya zauna ya rubuta, aka buga, wanda ba tallar masu shirin ba? Hirar majalisa iska ke kwashe ta. Tatooine ba ta fi Alfawa zama gaskiya ba, ta dai fi ta samun masu rubutu.

Saboda haka shawarata ba a sassauta ma'auni ba ce, domin in aka sassauta, tarkacen kamfanonin Amurka ne za su fara cika wurin kafin namu, su ke da masoya masu data da lokaci. Mu ne za mu samar da abin aunawa. Ɗan sashen aikin jarida, maimakon kwafo furojet ɗin da aka yi shekara goma ana juyawa, me zai hana ka nazarci yadda Alfawa ke haska siyasar jihohinmu, ka nemi jarida ta buga? 'Yar sashen ilimin laburare, tsofaffin sharhin littattafan Hausa na nan a jaridu da mujallu da kundayen digiri suna shan ƙura, a zaƙulo su a jera. Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma tana buƙatar masu kawo majiya fiye da masu buɗe shafukan layi ɗaya.

Daga ƙarshe an haɗe duniyar abokina cikin jeri, bayaninta na nan bai ɓata ba. Ya yi kwana biyu yana cika yana batsewa. Ni kuma na aro masa Tauraruwa Mai Wutsiya na ajiye masa a kan katifa. Jiya na ga ya kai rabi, har yana tambayata ko akwai wanda ya taɓa yin nazari a kansa. Na ce masa, malam, laburare na buɗe har yamma, je ka duba, in ka ga bai isa ba ka ƙara naka.