A koya wa yaro birki kafin a bar shi ya yi gudu

Takalmi mai taya ya shigo cikin ganuwar Zariya. A Ƙofar Galadima, yaron da ya ga samari suna sheƙa gudu a kan kwalta, wani ma ya riƙe bayan Keke Napep ana jan sa, ba zai bar iyayensa su huta ba sai an sayo masa nasa, ko da na gwanjo ne.

Iyaye da dama hanawa suke yi, kuma suna da hujja. Sai dai hani ba ya raba yaro da takalmin. Zai ari na abokinsa, ya koya a bakin titi, tsakanin 'yan acaba da buɗaɗɗen lambatu, inda babu babba ko ɗaya. Gara uba ko yaya ya karɓi aikin koyarwar da kansa.

Matsalar tana farawa ne tun a kasuwa. An saba saya wa yaro takalmi mai girma don “ya girma da shi”. A takalmin makaranta wannan tattali ne, a mai taya kuwa targaɗe ake saye, domin idon sawu ba ya samun abin da zai riƙe shi. A sayi daidai ƙafa, a haɗa da hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan, to bai kai ga sayen takalmin ba tukuna.

Ranar farko ba a kan siminti ba. A kan tabarma ko ƙasa mai laushi, inda taya ba ta gudu, yaro ɗan shekara 5 ko 6 zai koyi tsayuwa: gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba, sawu a buɗe kamar tafiyar agwagwa. Sannan a koya masa faɗuwa. E, faɗuwa: ya durƙusa ya faɗi ta gaba a kan abin kare gwiwa, kada ya tafi da baya ƙeya ta bugi ƙasa. Mai koyarwa ya tsaya a gefe ya riƙe hannu ɗaya ƙasa-ƙasa. Ɗaga hannuwan yaro sama yana miƙar da jikinsa, ya koya masa jingina da mutum.

Daga nan sai birki, wato robar da ke bayan dunduniyar takalmi ɗaya, galibi na dama. A gwanjo sau da yawa ta cinye ko babu ita, a duba kafin a biya. Yaron da bai iya tsayawa a inda aka ja masa layi ba, bai isa fita ƙofar gida ba, balle titin da ya nufi Ƙofar Doka.

Saura wuri. Lungunan birni matsattsu ne, filin wasa mai siminti kuma ya yi ƙaranci. Nan ne masu unguwa da shugabannin makarantun firamare za su yi amfani: a buɗe wa yara harabar makaranta bayan la'asar, da babba guda yana kallo. Ya fi sauƙi a kan a ɗauki yaro zuwa wurin mai ɗori, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a wuce da shi Shika.